Wanda Ya San Barcin Ɓera

Kafin kowa ya iso, Baban Ɓeraye ya riga ya share keji arba'in, ya cika kwalaben ruwa, ya ɗaga kowane ɓera ya duba tafin ƙafarsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kula da ɗakin dabbobi na sashen binciken magunguna a jami'armu. Juma'ar nan zai ajiye aiki.

A sashen ana jiƙa ganye, a tace, a ɗura wa ɓera, sannan a ɗora shi kan faranti mai zafi-zafi. In ya jima bai lashi ƙafa ba, sai a ce ganyen yana kashe ciwo.

Shekarun baya, wata ɗaliba ta yi shekara biyu tana gwada ganyen da kakarta ke sha don ciwon gwiwa. Sakamako ya yi kyau, digiri ya zo gab da hannu. Sai Baba ya tare ta a ƙofa.

"'Yata, ɓerayen nan ba sauƙi suka samu ba. Barci ne ya danne su."

"Haba Baba! Ga agogo, ga lissafi."

"Agogo bai san su ba. Tun jiya ba su ci ba. Wanda na ɗauka sai ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma."

Malaminta ya ce mai share keji ya tsaya a kan tsintsiyarsa. Baba dai bai janye maganarsa ba. Ɗalibar ta yi kuka, ta yi wata guda ba ta gaishe shi, daga baya ta shafe shekara guda tana sake gwajin. Ashe ganyen kasala yake sawa, ciwon yana nan daram.

Baba, kai ne mai idon da na'ura ba ta da shi. Ka san maganar za ta jawo maka wulaƙanci, ka faɗa. Sunanka bai fito a takardar bincike ko ɗaya ba, kuma wannan yana ci mana rai.

Ɗalibar nan ce ke shugabantar sashen yau. Jiya ta durƙusa gabansa, ma'aikata na kallo.

"Ka ci min shekara guda, Baba, ban taɓa ce maka na gode ba."

"To, yanzu ma ba ki makara ba," in ji shi.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, in kun ga abin da Baba ya gani, ku buɗe baki ku faɗa.