Hannu a Kan Rediyo

Mai Eriya, wanda laƙabinsa ya danne sunansa har a bakin 'ya'yansa, an haife shi ranar tara ga Maris, 1958, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, mai gyaran agogo. Da gyaran rediyo ya fara. Da wayar hannu ta shigo, ya kafa tebur da laima a bakin tashar mota, mutane suna biya suna kira. Daga nan ya koma ɗaura eriya a kan rufin gidaje. A ƙarshe shi da ƙanensa suka buɗe gidan rediyo a saman wani kantin taya, ɗaki biyu, da kwalin ƙwai manne a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa.

Burinsa shi ne ya riƙe gidan har 'yar autarsa ta gama karatun aikin jarida ta karɓa. Ƙanen kuwa ya fi son a sayar wa wani kamfani. Sun yi yarjejeniya tun farko cewa idan ɗaya ya gaza aiki, magana ta koma hannun ɗayan, saboda haka dalili kawai yake jira.

Wata damina tsawa ta faɗa wa dogon ƙarfen eriyar gidan rediyon yana tsaye kusa. Ya tashi lafiya, amma halinsa ya sauya. Ya daina ɗaukar waya. Ya juya teburinsa ya fuskanci ƙofa, ya kafa doka cewa duk mai magana da shi ya tsaya a gabansa, ɗaya bayan ɗaya. Kullum tafin hannunsa na kan ƙaramar rediyon da ke gefensa, kuma da zarar shiri ya katse, kafin injiniya ya ankara ya riga ya miƙe.

"Yaya, kai da ka haɗa rabin gari da waya, yanzu sai an aiko maka mutum?" in ji ƙanen.

"Na ji gulmar mutane a ƙarƙashin laima har na ƙoshi. Zauna nan inda nake ganinka."

"Girman kai ne dai ya zo tare da furfura."

"To, ka gaya wa masu sayen naka mai girman kai ya ce a'a."

Ƙanen ya nemi gazawa bai samu ba, domin girman kai ba ya cikin yarjejeniya.

Ranar da autar ta fara karanta labarai, ya tsaya a bayan gilashi yana kallonta, hannunsa a kan sifika. Da ta fito ta ce, "Baba, yaya ka ji?"

"Muryar uwarki sak. Sai dai ki rage sauri, ba kora aka yi miki ba."

A shekarar ya miƙa mata gidan. Ƙanen ya haƙura, har yau shi ke kula da tallace-tallace.

Bayan rasuwarsa ne autar ta ba ni labarin wata safiya da mai shara ta goge rediyon, ta murɗa ta zuwa tashar abokan hamayya. Autar ta shigo ta tarar da shi zaune, hannu a kanta, yana gyaɗa kai cikin gamsuwa. Ta kai hannu ta mayar da ita tasharsu.

Tun ranar tsawar nan kunnuwansa suka mutu, bai kuwa taɓa gaya wa kowa ba. Muryar da ya yaba, da tafin hannu kaɗai ya san ta.