Inuwar da Kakana Ya Dasa

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a shagon da nake aiki, ina buga wa wani ɗan takara takardar talla a kwamfuta, sai na ji ƙararrawar keke daga bakin titi. A hankali aka kaɗa ta, kamar mai neman izini. Na tashi na leƙa. Wani dattijo ne mai sayar da manja, ya maƙale tsakanin babura yana neman hanya, babu mai ko kallonsa. Na koma kujerata, amma yatsuna suka ƙi komawa kan aikin. Mai karatu, irin wannan ƙarar ce ta raine ni.

Kakana, mahaifin babana, yana da wani baƙin keke mai tsayi, wanda sirdinsa ya sha faci har ba a gane ainihin fatarsa. Abin da zai ba ka dariya shi ne, a cikin gari bai cika hawansa ba. Turawa yake yi. Ba ya wuce wanda ya girme shi yana bisa keke, ba ya wuce sa'ansa, ba ya wuce ƙofar gidan da mutane ke zaune. Sai ya sauka, ya riƙe keken da hannu ɗaya, ya tambayi gida da iyali da gona da ciwon ƙafar da aka yi bara. A unguwarmu Rikoto ta wancan lokaci kuwa kowace ƙofa da mutum a bakinta. Ni ina bayan keken a kan wani tsohon zane da aka naɗe mini, ina lilo da ƙafafu, ina ƙosawa.

"Baba Tsoho, don Allah mu hau mana," nakan ce.

"Amarya, kin cika gaggawa," yakan ce, don haka yake kirana cikin wasan kaka da jika. "In gaida mutum ina sama yana ƙasa? Ni wane ne?"

Daga gidanmu zuwa gona wata hanyar ƙafa ce mai ɗan faɗi, ta bi ta bayan unguwa ta gangara rafi. A gefenta na yamma akwai jerin itatuwan mangwaro, manya, rassansu sun rungumi juna ta yadda za ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ƙeyarka ba. Da rani sukan yi fure, ƙudan zuma su cika su da gunaguni, ƙamshin ya bi iska har cikin ɗakunanmu. Da bazara, lokacin da zafi ke hana kowa sakat, ƙarƙashinsu ne ake samun numfashi. Tsofaffi na dara, mata na sauke itace su huta, masu dawowa daga masallaci da masu dawowa daga coci su haɗu su yi ta hira har a manta da abin da aka fito yi. Da damina kuma, ko an ɗauke ruwa, ganyen na ci gaba da ɗiga a kanka kamar bai gaji da kai ba. Kasuwa, makaranta, rijiya, gidan gwaggo, duk da ƙafa muke zuwa, kuma duk ta wannan inuwa.

Na daɗe ina zaton Allah ne ya jera su haka. Kakata ce ta faɗa mini gaskiya wata rana muna ɓarar gyaɗa. Ta ce a zamaninsu saurayi sai ya yi golmo, wato ya yi shekaru yana noma a gonar iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Kakana ya yi nasa a gonar mahaifinta, ita kuma ita ke kai wa masu noman abinci da tsakar rana, ba takalmi, a kan ƙasa mai zafi. Wata rana ta iso tana ɗingishi, ta ajiye ƙwarya ta zauna tana hura tafin ƙafarta. Ya dube ta, ya koma kan aikinsa. Bayan an yi aure sai aka ga yana bin hanyar yana binne ƙwallon mangwaro, yana kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, da rani kuma yana ɗauko ruwa daga rafi a tulu yana ba su. Mutane suka yi ta yi masa dariya, wai yana wahala a kan ƙasar da ba tasa ba.

A lokacin na fara karanta littattafan soyayya, ina ɓoye su cikin jakar makaranta, kaina cike da samari masu mota da turare da daɗin baki. Sai na tambaye ta, "Kaka, ya taɓa ce miki yana sonki?"

Ta yi dariya har gyaɗa ta zube daga cinyarta. "Wannan? Bai taɓa ba. Ni ma ban tambaya ba. Ga su can tsaye, mi zai ƙara faɗi?"

Tun daga ranar, duk jarumin da na karanta sai in ga ya yi mini ƙanƙanta.

Kakata ta rasu a ƙarshen wata damina, dawa na fitar da kai. Kakana bai yi kuka a gabanmu ba. Babana ya riga ya karɓi aikin gona, amma tsohon bai fasa fita kowace safiya ba. Ya tura kekensa ya bi jerin itatuwan har zuwa na ƙarshe, na bakin rafi, inda takan sauke kaya ta huta. Nan yakan jingina keken, ya dafa jikin itacen, ya yi 'yan maganganu da yarensu na C'lela wanda ni ban iya sosai ba. Wata rana ya juyo ya gan ni ina kallonsa.

"Muddin waɗannan na tsaye, Amarya, ban zama gwauro ba," ya ce. Ya ɗora ni a bayan keke muka juya.

Sai shekarar zaɓe ta zo, aka yi mana alkawarin titi. Za a bi hanyar ƙafar nan a shimfiɗa kwalta har ƙetaren rafi. Unguwa ta ɗauki murna, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Babana yakan tuna mana maƙwabciyarmu da aka ɗauka a amalanke tana naƙuda, da buhunan dawa da ake dakonsu a ka. Kakana bai ƙi titi ba. Cewa ya yi a gefen gabas akwai fili fetal, babu ko itacen kargo, titin na iya bi ta can ya bar itatuwan. Magana ce kawai ta a faɗa wa masu aikin.

Suka zo da bazara, mangwaro ya nuna har yana faɗowa. Maza ne sanye da hulunan roba, ɗaya na leƙa wani abu mai ƙafa uku, wani ya ɗora kwamfuta a kan mota yana dannawa. Ina bayan keke muka iske su. Kakana ya sauka tun daga nesa. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi hanya da gajiya da mutanen gida. Ya sa aka kawo musu ruwa a sabuwar ƙwarya, ya ɗauki gora da kansa ya kaɗo musu mangwaro daga itacen bakin rafi, wanda ya fi kowanne zaƙi. Suka zauna a inuwa suka sha, ruwan na bin gwiwar hannunsu, suna cewa ba su taɓa shan irinsa ba. Na yi ta jira in ji ya kawo maganar gefen gabas. Har muka yi sallama bai kawo ba.

"Baba Tsoho, ba ka faɗa musu ba," na ce a hanya.

"Yau suka sauka. In tare baƙo da koke tun bai huta ba? Gobe ma yi magana a tsanake." Sannan ya ƙara, "Kuma ai sun zauna ƙarƙashinsu. Sun gani da idonsu."

Washegari babu su, babu motarsu. Abin da suka bari shi ne jan fenti a jikin kowane itace, daga na farko har na bakin rafi. Daga baya muka ji cewa tun a birni aka ja layin titin a cikin kwamfuta, su aunawa kawai suka zo yi.

Ya yi ƙoƙari irin nasa. Kansilanmu na lokacin ɗan wani abokinsa ne da suka yi golmo tare, don haka ya sa babbar riga ya je gidansa, aka ce ya yi tafiya. Ya koma, aka ce yana barci. Ranar da ya ji za su wuce da tawaga zuwa wajen taro, ya tsaya a bakin hanya tun safe, keke a hannun hagu, hannun dama a sama. Motocin suka wuce da baƙin gilashi, ɗaya ta danna masa ham. Ya sauke hannunsa a hankali.

"Bai gan ni ba," ya ce. "Motocin nan ba a ganin mutum daga cikinsu."

Ba na son in tsawaita labarin ranar da aka sare su. Ƙarar injin yankan katako ta wuni tana cin unguwa, ƙamshin ɗanyen itace ya cika ko'ina, mai daɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Babana ya roƙe shi ya zauna gida, ya ƙi. Ya tura kekensa har bakin rafi ya tsaya kusa da itacen ƙarshe. Wani daga cikin ma'aikatan ya ce, "Baba, ɗan matsa gefe kada ya faɗo maka." Ya matsa. Da itacen ya kwanta, ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse, sai na ji muryarsa a sanyaye yana cewa, "Sannunku da aiki." Suka amsa, "Yawwa Baba, sannu." Kafin mako ya zagayo masu gawayi sun kwashe komai.

Titi ya zo, baƙi, mai sheƙi. Ya kai mata asibiti, ya kai dawa kasuwa, wannan gaskiya ne. Amma ba a bar wa mai tafiya a ƙasa ko taku ɗaya ba, daga kwalta sai buɗaɗɗiyar kwata. Kakana ya gwada fita sau ɗaya. Ya hango wani abokinsa a ƙetare, ya sauka a inda yake kamar yadda ya saba, a tsakiyar hanya, ya fara gaisuwa. Wani ɗan acaɓa ya kauce masa da ƙyar, ya waigo ya ce, "Tsoho, in ka gaji da duniya ka koma gida mana." Ya koma gidan. Ya jingina keken a zaure, bai sake fitar da shi ba. Ya zama mai zama a gindin katanga yana bin 'yar inuwarta duk inda ta juya. Bazarar da ta biyo baya ta tafi da shi.

Yanzu na girma, ina wuni gaban irin na'urar da aka ja layin nan a cikinta. Zafin garinmu ya zama wani abu dabam. Ruwa kan yi jinkiri har babana ya yi shuka ta ƙone ya sake, sannan ya zo gaba ɗaya kamar da fushi, ya bi kwalta ya shigo mana ɗaki. Rafin nan yashi ne yawancin shekara. Masu zuwa shagonmu kowa da ra'ayinsa. Ɗalibai su ce sauyin yanayi ne, hayaƙin ƙasashen Turawa ne ya jawo. Dattawa su ce halinmu ne ya canza. 'Yan siyasa su kawo aiki a buga musu alkawarin dashen itatuwa, in nemo musu hoton koren itace in liƙa kusa da fuskarsu. Kowa ya gama magana ya hau babur, ko da bayan layi zai je, don babu mai iya taka wannan rana. Masu zuwa Ribah da Kanya kuma sauri suke su dawo kafin la'asar saboda rashin tsaro a hanya, ba su da lokacin gaida kowa. Ni dai ina ji, ba na sa baki. Ban ga wanda zai binne ƙwallo yau ya yi ta ɗaukar tulu saboda tafin ƙafar wata ba.

Abu ɗaya ya rage mini, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Mai shagonmu ya taɓa nuna mini taswirar da ake ganin gari daga sama. Da na nemo unguwarmu sai na tarar hoton tsoho ne, an ɗauke shi tun kafin titi. Ga hanyar ƙafa siririya, ga jerin dunƙulen kore a gefenta har rafi. Kullum idan aiki ya lafa nakan buɗe in zauna a wurin. Nakan matso da hoton har ya dushe, ina cewa a raina wannan baƙin ɗigon da ke ƙarƙashin itacen ƙarshe mutum ne da keke.

Shekaranjiya, bayan ƙararrawar mai manja, na ture aikin ɗan takara na buɗe taswirar. An sabunta ta. Baƙin layi ne miƙaƙƙe tsakanin rufin kwano, babu kore ko ɗigo. Na ja hoton sama, na ja shi ƙasa, na rufe na sake buɗewa.

Da aka tashi ban hau babur ba. Na taka a gefen kwata har gida, rana na dukan ƙeyata, ban gaida kowa ba, babu wanda ya gaishe ni. Keken na nan a zaure inda ya jingina shi, tayoyin sun kwanta, an rataya masa tsohuwar igiyar guga. Na sa babban yatsa na danna ƙararrawar. Tsatsa ta riƙe ta, ko motsi ba ta yi ba.