Mai Lambun Asibiti da Shukar da Ba Ta Fure

Shekara ashirin da biyu yana kula da lambun asibitin, har kowa ya koma ce masa Baba Mai Lambu. Ba shukar da ta ɗaure masa kai sai ɗaya, wata mai ganye kamar gashin tsuntsu da ke cikin tukwane a baranda. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. In ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa suka fito a bayan ganyenta, sai ya ɗauka cuta ce, ya yanke ya watsar bayan tankin ruwa.

Wata safiya ya je ɗaure famfon tankin da ke yoyo, sai ga ƙananunta sun tsiro cikin gansakuka a jikin bango. To, wa ya shuka su?

'Yarsa malamar makaranta ce, ita ta warware masa.

"Baba, ai irin kake ta zubarwa. Garin da ke cikin ɗigon nan shi ne. Sai dai ba kai tsaye yake zama shukar ba. Wani ɗan kore yake fara fitarwa, mai siffar zuciya, bai kai farce ba. A jikinsa namiji da mace suke, kuma sai namijin ya yi iyo cikin ruwa ya isa wurin macen. Gansakuka ma sai da ruwa take haihuwa."

"Iyo? Ciyawa?" Ya girgiza kai. "Sai na gani da idona."

Ya karkaɗe garin a takarda, ya barbaɗa a kan ƙasar da ya zuba a kwano. Gwajin farko ya bushe. Na biyu ya yi fumfuna.

Matarsa ta ce, "Malam, mutane na kiwon kaji, kai kana kiwon ƙura. Ina murfin gilashin tukunyata?"

"Aro na yi, ki yi haƙuri."

A karo na uku ya ƙona ƙasar da tafasasshen ruwa, ya rufe kwanon da murfin, ya ajiye a inuwa. Bayan wata biyu koren ya bayyana. Kullum da safe sai ya tsoma yatsu a ruwa ya yayyafa masa. A wata na biyar ganye ya ɗago, na bayansa ya fito a naɗe kamar wutsiyar hawainiya.

Da shukokin suka yi ƙwari ya raba su a tukwane, ya tura su a baro zuwa ɗakin masu jinya, ya jera a tagogi. Wata nas ta tambaye shi inda ya sayo su.

Ya ce, "Ba saye ba ne, 'yar nan. A gabana aka haife su."