Hoton da Ya Ƙi Buɗewa a Shagon Kalolaine

Shekara goma sha tara Kalolaine Taufa tana buga hotuna a ɗan shagonta na Nuku'alofa, babban birnin ƙasar Tonga, yawanci na mamata, irin manyan da ake kafawa a kan kabari. Gawa ba ta ba ta tsoro, haka guguwar teku. Mutum ɗaya ke kaɗa mata hanji a duniya: Gwaggo Seini, yayar babanta, wadda maganarta yankan wuƙa ce a dangi.

Ranar da baban ya rasu, Gwaggo ta shigo ɗaure da tabarmar makoki a ƙugu kamar yadda al'adarsu take, ta dire sabuwar waya a tebur.

"Hotonsa na ƙarshe, ni na ɗauka. Shi za a kafa jibi. Kwashe ki share, wayar ta cika."

Kalolaine ta kwashe ta share, yadda ta saba yi wa kowa. Sai bayan Gwaggo ta tafi ta danna hoton. Fari fat! Ta sake dannawa, haka dai. Ashe sabon nau'in hoto ne, kwamfutar ta ce sai da lasisin manhajar da ke buɗe shi. Ta je saye, aka ce ba a sayarwa a ƙasarta. Ta bi wata hanya, aka ce na'urarta ta tsufa. Har suna ta canza wa hoton, a banza.

Mijinta Sitani ya leƙo. "Buga na ranar aurenmu mana, ai Baba yana ciki. Wa zai lura?"

"Ka fi ni sanin wa zai lura, kai da ko tari ba ka iyawa a gabanta."

Dabara ɗaya ta rage, a mayar da hoton cikin wayar da ta ɗauke shi. Wato sai ta faɗa wa Gwaggo da bakinta. Ta kwashi kwamfuta da tsohuwar kyamararta, ta sami Gwaggo cikin mata masu makoki, ta zauna ƙasa can nesa.

"Gwaggo, na share ban duba ba. Baba ya ƙi buɗewa."

Gwaggo ta harare ta, sannan ta miƙo wayar. Kalolaine ta jona, ta tura. Sai ga shi: tsoho a bakin ruwa, riƙe da kifi, yana dariya da wawulonsa.

Gwaggo ta fizge wayar ta fashe da kuka. "Ba na sake sakin ƙanina ga kowa. In za ki ɗauka, ɗauka a hannuna."

Haka aka yi, Kalolaine ta saita kyamara ta ɗauki allon wayar. Duk mai zuwa kabarin yau zai ga tsoho na dariya, ɗan dishi-dishi, kuma a gefen hagu ga babban yatsan Gwaggo yana riƙe da shi.