Yadda na faɗi a gaban sahu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tun kafin girbin hatsin bara ban ƙara sa muku karatun safe a wannan shafi ba. Waɗanda suka aiko suna tambaya, Allah ya saka da alheri. Masu cewa na ƙaura Sakkwato kuwa, ban ƙaura ba. Ina nan Dogarawa, jinya nake yi.

Ciwon sukari ne.

Farkonsa ƙishirwa ce wadda randa ba ta kashewa, sai yawan bawali, har alwalar Magariba ta daina kai ni Isha'i. Ga mai limanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babban ɗana Sanusi ya kai ni asibiti a Ƙonni. Aka soki yatsa, aka ce in komo washegari ban karya ba, aka ɗebi jini. Likita ya rubuta ƙwayoyi, ya ce in rage hura da tuwo, in bar shayi mai sukari, in yawaita ganye da wake da ƙwai. Sai da muka sayar da tunkiya kafin awo da magani su cika.

Faɗar likita mai sauƙi ce. Amma a unguwarmu akwai al'ada tun zamanin mahaifina: mace in ta dama hura, sai ta aiko wa liman ya fara kurɓa, a mayar da saura ga yara don neman albarka. Kurɓi nan, kurɓi can, kafin Azahar na sha abin da ya fi ƙwarya guda. Na gaya wa mutane an hana ni. Kowa sai ya ce tasa kaɗan ce, ba ta yin komai.

Da na daina karɓa gaba ɗaya, maƙwabcina Alhaji Idi ya zo ƙofar gida yana tambaya ko wani laifi iyalinsa suka yi mini. A cikin gida ma haka. Ƴaƴana suna zagaye da akushin tuwo, ni ina gefe da kwaɗon zogale kamar baƙon da ba a so. Mai ɗakina Hajiya Rabi takan aje kwanon ta tsaya a kaina, ta ce, "Malam, wane irin likita na wanga da ka raba mutum da hatsi?"

Haushi ya sa na tsananta. Likita ya ce a rage, ni na yanke baki ɗaya: babu tuwo, babu hura, ko wake sai ɗan taɓawa. Na ɗauka zuhudu ne ya zo mini har gida. Ƙwayoyina kuwa ban fasa ba, azumin Litinin da Alhamis ma ban fasa ba.

Wata Alhamis ina jan sallar La'asar, na yi ruku'u, gumi mai sanyi ya rufe ni, hannuwana suka ɗauki rawa a kan gwiwa. Ban san lokacin da na faɗi ba. Na farka ana yayyafa mini ruwa, wasu suna tofi, wani yana cewa iska ne. Hajiya ce ta aiko da hura mai sukari aka ɗura mini, na dawo hayyacina.

Wannan ya zame mata hujja. Ta ce, "Hurar da kaƙ ƙi, ita tat tashe ka."

Faɗuwa ta biyu a Azahar ta same ni. Bayanta dattawan masallaci suka zo da ladabi da doguwar gaisuwa, suka roƙi in bar na'ibina ya riƙa ja har in samu sauƙi. Gaskiya suka faɗa, don bai halatta in riƙa ɓata wa jama'a salla ba. Duk da haka, tsayawa a sahu bayan wanda na koya wa Fatiha, abu ne da sai da na yi ta yaƙi da zuciyata a kansa. Tsorona shi ne ba zan ƙara komawa gaba ba.

Muka koma Ƙonni. Likita ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, maganin nan na mai cin tuwo na auna maka. Ka bar tuwo, ka bar ci da rana, magani yana aikinsa na sauke sukari, to me zai sauke in ba kai ba?" Ya rage ƙwayar, ya dakatar da azumin nafila, ya sa Sanusi ya sayi ɗan injin awon yatsa.

Yanzu ina cin tuwo ɗan daidai tafin hannu, ganye da miya su fi yawa, kuma tare da ƴaƴana nake ci. Hurar unguwa in ta zo, nakan ɗora hannu in yi addu'a, a mayar. Wasu sun gamsu. Alhaji Idi har yau yana cewa albarkar ba ta kai ta da ba.

An mayar mini da Asuba da Magariba da Isha'i. Azahar da La'asar ina bayan na'ibi har yanzu, kuma ban san ranar da hakan zai canja ba.

Na gode wa Allah da ya bar ni da numfashi. Na gode wa Sanusi, da Hajiya wadda faɗanta duk tsoro ne, da dattawan da ba su ɓoye mini gaskiya ba.

Ga mai wannan ciwo: kada ka rage abinci ko ka ɗauki azumi ba tare da mai ba ka magani ya sani ba. Ka riƙa yawo da dabino ko sukari a aljihu, ka gaya wa na kusa da kai abin da za su yi in gumi da rawa suka kama ka.

Ga sauran jama'a kuma roƙo ɗaya nake yi. Marar lafiya in ya ce ya gode, ya ƙoshi, ku janye ƙwarya. Ba ku yake ƙi ba. So yake ya gama sallarsa a tsaye.

Wassalam.