Ministan Suwidin a Zauren Kawu

Tun da aka fara mulki a doron ƙasa, masana ba su gamu da matsalar da ta kai sauko da mutum daga kujera wuya ba. Dauloli sun rushe a kanta. Ni kuwa Inna ta ɗora mini ita ranar Laraba, tana tankaɗen gari.

Yayanta, Kawu, shi ne shugaban jam'iyya na mazaɓarsu a ƙasar Gwaram tun ina firamare. Bara hawan jini ya kayar da shi a wurin taro, likita ya ce in ya sake faɗuwa ba lalle ya tashi ba. Ga zaɓen shugabanni ya matso. Inna ta ce, “Kai ne mai boko, je ka gaya masa ya huta.”

Mun tashi da asuba daga Birnin Kudu, ni da abokan aikina biyu, a motar ɗayansu. Ban tafi hannu sake ba. Na yi mako ina karanta tarihin wani ministan ƙasar Suwidin da ya daɗe a gwamnati, ya kuma sauka da ƙafarsa. Na tabbata hujja irin wannan ko dutse ta samu sai ya yi laushi.

A tasha muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba. Nan na sayi ƙwaryar goro, don ba a shiga gidan babba hannu na dukan cinya.

Hanya ba laifi, sai 'yan ramukan da direbanmu yake gaisawa da su kamar tsofaffin maƙwabta. Duwatsun garinmu suka koma baya, gonaki suka buɗe. Kaka ce, an jingina riɗi yana bushewa, dawa ta sunkuyar da kai. Ranar kasuwa muka dace da ita, babura ɗauke da buhuna, wani ma har da akuya a tsakaninsa da fasinja, ita ce ta fi kowa natsuwa. A Gwaram muka sha fura da nono a wurin wata dattijuwa, wadda ta dubi hulunanmu da motarmu da ƙwaryar goro ta ce, “Allah ya ba da sa'a, 'yan siyasa.” Muka yi dariya. Da mun san abin da ke gaba da mun rage ta.

Bayan Farin Dutse muka sauka daga kwalta. Kafin mu tsaya a ƙofar gidan Kawu, mutane sun fara taruwa. Ya karɓe mu a zaure, ya rame ƙwarai, hannunsa na hagu yana rawa. Na ajiye goro, na gyara murya.

Na ba shi labarin ministan daga tushe: yadda ya fara a ƙungiyar matasan jam'iyya, ya shiga majalisa, aka riƙa ɗauke shi daga wannan ma'aikata zuwa waccan, shugabannin gwamnati suna canzawa shi yana nan. Kawu ya saurara ido a lumshe.

“Jam'iyya nawa ya canza?”

“Ko ɗaya, Kawu.”

“To ai wannan ma'aikacin gwamnati ne, ba ɗan siyasa ba. Ci gaba.”

Na zo kan gaɓar da na yi tafiyar dominta: da ƙarfinsa ya ragu, ya yi sallama da kowa, ya koma gida da mutuncinsa.

“Mutanensa sun je sun roƙe shi ya zauna?”

“Littafin bai faɗa ba.”

“Allah sarki. Bawan Allah, ashe ba shi da jama'a.”

Sai ya sa aka fitar da goron waje, aka rarraba wa waɗanda suka taru. Da na ji an ɗauki fatiha da ƙarfi, na fahimci abin da muka aikata. A wannan yanki ɗan siyasa ba ya cewa yana so, jira yake a zo a roƙe shi. Mutum uku cikin manyan kaya, daga wani gari, a mota, da ƙwaryar goro, ana gab da zaɓe, sunansu tawaga. Na fito ina bayani, wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce, “Malam, kun kyauta. Mu kunya ce ta hana mu.”

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, muka ci, don baƙin ciki ba ya hana tuwo daɗi. Da zan tafi na ja Kawu gefe na ce Inna tana tsoron ta rasa shi. Ya dubi hannun nan nasa.

“Ka ce mata ina shan maganin,” ya ce.

Mun iso gida bayan la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a Suwidin ana sauraron abin da baƙo ya faɗa, a wajenmu kuwa abin da ya riƙo ake dubawa. Inna ta ji bayanina har ƙarshe, ta ci gaba da aikinta.

Ranar Asabar aka yi zaɓen. Kawu ya koma ba hamayya, ya kuma shaida wa taro cewa mutanen Birnin Kudu ne suka matsa masa.