Irin Alayyafon Yaya

Shekarar da Yaya ta bar gidanta na unguwar Lozells a Birmingham ta koma bene marar fili, ta ba ni irin alayyafonta duka a cikin kwalbar zuma. Daga gonar mahaifinmu ta zo da shi, kuma kowace shekara tana shukawa a bayan gida ta cire sabo. Na hau jirgin ƙasa daga Birmingham zuwa Manchester, hannuna na kan aljihun da kwalbar take.

Ina da ɗan lambun haya kusa da Ardwick, a kan gangare. A ƙasan lambunan akwai lambatu, kowa na biyan kuɗin yashe shi. A shekarar kwamitin lambun ya ce duk wanda ya tare ruwa da ƙasa a wurinsa, laka ba ta gangara lambatu ba, za a rage masa kuɗin. Na ce ai wannan aikinmu ne. Da farko na ja igiya don daidaita layi. Na biyu na yi kunyoyi a gicciye, yadda Baba ya koya mana. Na uku na toshe bakin kowane kwari. Sannan na shuka, ban bar ko ƙwaya a kwalba ba.

'Yan kwamiti suka duba, suka rage mini. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a gida muna tare ruwa ne don ba ya isa. A nan sati guda cur yana zuba. Ya kwanta tsakanin kunyoyi, ganye ya soma zama rawaya. Na kasa zama. Kafin aiki in je, bayan aiki in je, in tsaya ina kallo.

Na kira Yaya.

"Fasa bakin kwarin mana, ruwa ya wuce," in ji ta.

"Yaya, na sa hannu a takarda. Kuma in na fasa, lambun wata tsohuwa ne a ƙasana, dankalinta zai tafi."

"Kai da takarda tun kana yaro. Da Baba ya koya maka, ya taɓa ganin ruwan Manchester ne?"

Ban fasa ba. Na ɗauki bokiti biyu, ina kwasa a hankali don kada laka ta biyo, in zagaye lambun tsohuwar in zuba a lambatu. Kwana huɗu ina haka, bayana har yanzu yana tuna mini. Kunyoyin ƙasa suka ruɓe. Ta sama kaɗai ta tsira, ita ce ta yi kai.

Irin da na samu bai rufe gindin kwalba ba. Na raba biyu na kai wa Yaya rabi. Ta girgiza shi kusa da kunnenta.

"Shi ke nan duka?"

"Rabi ne."

"To wannan ba za ka sake ganinsa ba," ta ce, ta sa a saman firji.